Kwanon Taliyar da Na Ware Masa

Maigidana ya dawo daga Japan da laima mai naɗewa, da hotonsa a tsakiyar gonar shinkafa sanye da takalmin roba har gwiwa, da kuma labarin wata taliya da ya ishe mu da shi. Malamin gona ne a ƙaramar hukumarmu ta Kibiya, aka tura shi kwas na 'yan watanni a farkon dawowar mulkin farar hula. Laimar ba ta ga damina biyu ba yara suka karya ta. Hoton yana nan. Labarin taliyar kuwa, duk wanda ya zo yi masa barka da dawowa sai ya sha shi.

"Taliya ce a cikin romo," in ji shi, yana zagaye hannuwansa kamar mai riƙe da kwano. "Romon garau, kana hango gindin kwanon. Ba ɗigon mai. Ganye a gefe, rabin ƙwai a sama. Ka ci, ka ɗaga kwanon ka kurɓe, ka tashi sakayau kamar ba ka ci komai ba."

Ni kuwa nakan ce masa, "To Malam, in ka tashi kamar ba ka ci komai ba, mene ne amfanin zaman?" A yi dariya, shi ma ya yi, tumbinsa yana rawa.

Don mutum ne mai jiki. Tun yana saurayi haka yake, aure ya ƙara masa, albashi ya ɗora. A shekarun nan kuwa tumbi ado ne. Kana ganin wanda jiya yake bin gefen titi kamar sillen kara, yau an zaɓe shi kansila, kafin a yi girbi wuyansa ya haɗe da kafaɗa. Nawa mijin bai taɓa siyasa ba, amma in ya sa babbar riga ya hau babur, har gaishe shi ake yi da ranka ya daɗe. Ina koyarwa a firamare a lokacin, kuma in faɗi gaskiya ina jin daɗi in malamai 'yan'uwana suka ce, wance kin iya kiwo.

Sai ya fara shan ruwa kamar raƙumi, yana tashi fitsari ba ƙaƙƙautawa, yana cewa yana jin tafin ƙafarsa kamar ana tsira masa allura. Muka tafi asibiti a Rano, garinmu, inda iyayena suke. Likita ya auna shi ya ce ciwon sukari ne, ga hawan jini ya biyo baya. Ya rubuta magani, sannan ya juyo gare ni, don ya san wa ke riƙe da muciya. Ya ce maganin gaskiya yana madafa. A rage tuwo, a rage mai, a rage gishiri, fura da kunun zaƙi a manta da su. Dole jikin nan ya sauka. In bai sauka ba, ciwon zai fara da ido ko ƙafa, ya ƙare inda ba a so.

Na dawo gida da zafina. Na gwada masa faten acca, ya ce yana jinsa kamar yashi. Na gwada wake da alayyafo ba mai, ya ci rabi ya ture. Na rage malmalar tuwo, ya dube ta ya dube ni ya tambaya ko sadaka aka aiko. Mutum ne mai haƙuri a komai ban da abinci, ni kuma ba ni da haƙuri a komai. Muka yi ta ƙananan faɗace-faɗace irin waɗanda ba a kai wa kowa ƙara. Wata rana na fusata na ce, "To me za ka ci? Faɗa mini, ko iska zan dafa maka?"

Sai ya ce, "Da za ki iya taliyar nan."

Ban taɓa ganinta ba, ko a hoto. Abin da nake da shi kawai bakinsa, da injin taliyata na murji da na zo da shi cikin kayan aure. Mu dai taliyarmu mun san ta: a dafa a tsane, a kwarara manja ko man gyaɗa, a barbaɗa yaji, a ci har a ji ido yana rufewa. Wannan da yake nema kishiyar waccan ce ta kowace fuska. Na zaunar da shi a bakin madafa a kan turmi, abin da bai taɓa yi ba tun aurenmu, na ce ya yi ta kwatance ni kuma ina gwadawa.

Alkama na sa aka niƙo, ban tankaɗe dusar ba, don likita ya ce dusar ita ce abokiyar tafiyarsa. Na kwaɓa da ruwa da tauri, na murza ta a mafi sirantar haƙoran injin, na shanya a igiya. Romon ne ya ba ni wahala. Ya ce na can ɗanɗanon kifi ne da wani abu mai kama da daddawa, amma ba ya hawa kai. Na farko da na yi ya yi duhu kamar ruwan rini. Na biyu ya yi ƙarni. Daga baya na gane kan abin: busasshen kifi a wanke shi da ruwan zafi, a cire kai da ciki, a sa a ruwan sanyi da yankan ɗanyar citta da tafarnuwa, a bar shi a kan garwashi yana motsi a hankali, kada ya tafasa da hauka. Daddawa kamar kan ɗan yatsa, a ƙarshe. Sai a tace da ƙyalle mai tsabta. Ranar da na ɗaga ludayi na ga romon ya fito garau, launin shayin da ba a sa wa madara ba, sai da na yi guɗa ni kaɗai a madafa.

Taliyar daban ake dafa ta, tafin hannu ɗaya tak, a tsame a ɗauraye da ruwan sanyi har santsin ya fita. Kabeji da karas a yanka siri-siri, a tsoma a romon a fitar tun suna da ƙarfinsu. Alayyafo kaɗan, lawashin albasa a sama, rabin dafaffen ƙwai. Ba mai, ba ɗunƙule, gishiri abin da yatsu biyu suka ɗauka. Duk abin da ke cikin kwanon, in ka cire kifin, ana samunsa ranar kasuwar Kibiya a hannun masu lambu.

Ya karɓa ya shinshina. Ya sa cokali mai yatsu ya naɗo taliyar, ya zuƙe ta da ƙara har yaranmu suka fashe da dariya, ya ce haka ake yi a can, rashin ƙarar ne rashin ladabi. Ya ɗaga kwanon ya kurɓe romon tas. Ya ajiye ya ce, "Malama, ba ita ba ce. Amma wallahi 'yar'uwarta ce uwa ɗaya uba ɗaya."

Ban taɓa jin daɗin yabon girki kamar na ranar ba. Kuma abin ya karɓe shi. Safe ya ɗan taɓa abin da ya samu, rana wake da ganye, dare taliyar nan. Tashin fitsari ya ragu. Allurar tafin ƙafa ta lafa. Ya fara ajiye babur yana taka ƙafa zuwa gonakin da ke kusa. Na rage masa mazugin wando, na sake ragewa. Da muka koma Rano likita ya auna shi, ya dube ni ya ce da duk matan marasa lafiyarsa haka suke da ya huta. Na fito daga asibitin nan ina jin kaina a sama.

Abin da ban lissafa da shi ba shi ne ƙofar gida.

A unguwarmu maza ba sa cin tuwon dare a ɗaki. Ana idar da magariba ake shimfiɗa tabarmi a ƙofar gidan yayan mijina, kowane gida a fito da kwanonsa, a jera. A buɗe na farko kowa ya sa hannu, in ya ƙare a jawo na biyu. Ciyayya ke nan. Mai shi da marar shi ba a gane su, don wanda gidansa ba a ɗora tukunya ba ya zo ya zauna kamar kowa, ba mai tambaya. A nan ake sanin wa ya yi fushi da wa, a nan ake shiryawa. Tun mijina yana yaro yake zama a tabarmar nan, kuma in ka ga ba ya nan, to ba ya gari.

To taliya a romo ba a sa mata hannu. Ba a kuma haɗuwa a kanta mutum biyar. Don haka na ci gaba da fitar da kwanon tuwon gidanmu kamar kullum saboda jama'a, shi kuma na aika masa da nasa daban, da cokalinsa. Daren farko, in ji shi, an sha dariya. Wani ya ce ruwan wankin kifi ne, wani ya ce Malam ya koma Bajapane sai a nemo masa tsinke. Yayansa ya ɗanɗana ya ce wannan ai ko mai jego aka ba wa sai ta kai ƙara. Wani dattijo ya ce, "Kowa ya ci shi kaɗai, shi kaɗai zai mutu." Duk cikin raha aka faɗa, shi ma cikin raha ya ba ni labari.

Kwanon da nake zuba masa wani ɗan kwanon sha ne mai zurfi, irinsa ya yi yawa a unguwar, sai ya riƙa ɓacewa cikin kwanukan maƙwabta in an kwaso. Ni kuma shi kaɗai ne awona, da shi na san iyakar abin da zai ci. Sai na samo jan fenti na zagaye gindinsa, na ɗiga a kan cokalin ma. Na hana yara taɓa su. In na wanke, a kan taga nake kife su, ba cikin kwandon kwanuka ba.

Inna, mahaifiyarsa, tana zaune da mu a sashenta. Tsohuwa ce mai kawaici, ba ta taɓa shiga tsakanina da ɗanta ba. Ranar da ta ga kwanon a kan taga da jan fentinsa, ta tsaya ta daɗe tana kallo. Ta kira ni ɗakinta ta ce, "Yarinyar nan, wa aka ware wa kwano a gidan nan?"

Na ce, "Inna, ba warewa ba ce, awo ne. Don kada ya ɓata."

Ta ce, "Ni dai tun da nake, mutum biyu na san ana shafa wa kwanonsu alama. Mai tarin fuka da kuturu. Ki goge abin nan."

Na ce to, na fito ina cewa a raina tsofaffi da camfi. Ban goge ba. Ina da takardar shaidar koyarwa, likita ya yabe ni, wa zai gaya mini yadda zan kife kwano a gidana?

Shekarun nan ne aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu, kowa ya zama mai lura da kowa. An rufe gidajen da ake rufewa, wa'azi ya yawaita, kuma kowane mai wa'azi sai ya taɓo sabuwar cutar nan, ƙanjamau, da hanyar da ake cewa ana ɗaukarta. Rediyo ma ba ta fasa ba. Mutane ba su san komai game da ita ba sai abu ɗaya: mai ita ramewa yake yi. To ga mutum ya je ƙasar waje shi kaɗai ba iyali, ya yi watanni. Ya dawo ba da daɗewa ba ya fara zarya asibitin Rano. Ga tumbi ya zube, wuyan riga yana yawo. Ga matarsa, wadda ta fi kowa sanin cikinsa, ta ware masa kwano da cokali ta shafa musu ja. Ko ni aka ba wa wannan lissafin a kan wani, abin da zan fitar ke nan.

Ba wanda ya faɗa mana. Da ma ba a faɗa. A tabarma aka fara matsawa kaɗan, sai ya ga fili ya buɗe hagu da dama kamar an share masa. Butar da ya wanke hannu da ita sai ta zauna a gefe ba mai ɗauka. Kwanon tuwon gidanmu, wanda da shi ake fara buɗewa saboda miyata, ya koma na ƙarshe, daga baya ya riƙa dawowa yadda ya fita, malmala ko yatsa ba a sa mata ba. Wanzaminsa na shekara da shekaru ya ce ya zo da askarsa daga gida, wai yanzu haka ake yi. Ya ce wa kowa ciwon sukari ne. Kowa ya ce, "Allah ya sawwaƙe, Malam," da irin muryar da ake yi wa wanda ake tausayin ƙaryarsa.

Na ce to ya daina fita, ya ci a ɗaki. Ya gwada. Abin ya fi muni, don sai aka ce ciwo ya kwantar da shi, har wasu suka zo dubiya suka tsaya daga bakin zaure. Ya koma fita. Na goge fentin da kananzir, amma an riga an gani. Na ce ya riƙa sa hannu a tuwon ya ɗan taɓa loma biyu don idon mutane. Ya ce ranar da ya gwada, hannaye suka janye ɗaya bayan ɗaya, kowa ya ce ya ƙoshi. In ya ci nasa shi kaɗai ya tabbatar musu, in ya sa hannu a nasu ya kore su daga abincinsu. Gaba kura, baya sayaki.

Na ce, "Mu je Kano a yi gwajin, a kawo sakamako a nuna wa yayanka."

Ya ce, "Wanda ya je gwaji ai ya amsa laifi. Za su ce me ya kai shi in bai tsargu ba? In takarda ta fito da kyau su ce saya na yi. Ke ba ki san mutanenki ba?"

Na san su. Haushin da na ji ke nan.

Ni ma abin ya iso ni. Maƙwabciyarmu, aminiyata da muke aron gishiri ta kan katanga, ta haihu. Na shiga barka da turmin atamfata. Ana miƙa jariri daga cinya zuwa cinya kamar yadda aka saba, da ya zo kusa da ni sai kakarsa ta ce bari a mayar da shi, ya ji yunwa. Aka kawo kunun kanwa a kofuna, nawa a wani tsohon kofin roba mai tsaga. Na sha don kada in ba su abin faɗa. Da zan fita na hango wata yarinya ta ɗauke kofin da tsinke ta jefa bayan murhu. Na dawo gida ban gaya wa kowa ba, na shiga madafa na rufe ƙyaure na yi kuka mai isata. Ban yi kukan baƙin ciki ba, na takaici na yi, don ina son in fita tsakar unguwa in zage su ɗaya bayan ɗaya kuma na san duk zagin da na yi shaida ce a kaina.

Zancen duniya ba ya ɓuya, ya ji. Ya kuma ji cewa 'yarmu ta fari, wadda take aji huɗu a lokacin, ita kaɗai take zama a bencinta.

Wata Juma'a da yamma ina tace romo, ya shigo madafa ya zauna a kan turmin nan. Ya yi kyau a lokacin, wallahi. Fuskarsa ta fito, idonsa ya washe, ya koma kamar saurayin da ya zo zance gidanmu a Rano. Ya ce, "Malama, daga yau ki tuƙa mini tuwo. Irin na da. Ki sa man shanu."

Na ce, "Ka ji abin da likita ya ce."

"Na ji. Da kunnena na ji."

"To kashe kanka za ka yi saboda bakin mutane? Mutanen da ko kwano ba su iya wankewa ba?"

Ya bar ni na yi ta faɗa har na gaji. Sannan ya ce, "Saurara. Kowa zai mutu. In na mutu da sukari, an yi rashi, za a zo a zauna da ke, a ci abincin sadakata, a auri 'ya'yana. In na mutu a rame, ko bayan shekara talatin ne, ko mota ce ta buge ni, kin san abin da za a ce ya kashe ni. Ke da yaran nan kun shiga kabarin tare da ni. Ni ba zan iya gyara kan garin nan ba. Abin da zan iya shi ne in yi ƙiba."

Na ce mu bar garin. Ya ce mu je ina, a bar Inna da wa, aikin fa, gonar fa? Kuma wanda ya gudu ai ya ƙara tabbatarwa. Na je wurin Inna ina tsammanin za ta tsawata masa. Ta saurare ni har ƙarshe, hawaye yana bin fuskarta. Ba ta ce na gaya miki ba, da ta faɗa da na fi samun sauƙi. Cewa ta yi, "Ɗana ne, na fi ki son ya rayu. Amma ban san yadda ake rayuwa ba a cin tuwo da mutum."

A daren na tuƙa tuwon dawa, na kaɗa miyar kuka da nama, na kwarara man shanu da hannuna. Romon da na tace na zubar a makwarara. Na san abin da nake zubawa a kwanon nan kamar yadda na san sunana. Ya ɗauka da kansa ya fita da shi, ya zauna ya cinye shi kaɗai a gabansu, ya sa aka sayo masa fura ya ɗora.

Bai ɗauki lokaci ba. Jikin da ya saba da ƙiba hanya ya sani. Mazugin da na rage na sake saki. Kumatu suka dawo, tumbi ya dawo, mutane suka dawo. Fili ya rufe a tabarma, buta ta ci gaba da zagayawa, kwanonmu ya koma na farkon buɗewa yana dawowa a suɗe. Wanzami bai sake zancen aska ba. Aka yanke cewa sammu aka yi masa a wurin aiki saboda hassadar tafiyar nan, Allah ya karya. Mata suna tare ni a hanya suna cewa, "Barka, Malama, jiki ya yi kyau, mun ga Malam ya murmure." Aminiyata ta miƙo mini ɗanta ta kan katanga in riƙe mata. Na karɓa. Me zan yi?

Na yi iya dabarata a ɓoye. Ina rage man, ina cusa ganye a miya, ina bin sa da ƙwayoyinsa. Amma ciyayya ba kwanonka kaɗai kake ci ba, kuma shi yanzu ba ya yarda a gan shi ya fara cire hannu. In ya yi zazzaɓi ya ɗan faɗa, sai in ga yana duba wuyan rigarsa a madubi, washegari ya ƙara loma. Ya daina bina Rano, ya ce ba ya son kallon da likitan yake yi mana. Ni nake zuwa karɓo magani, ni nake shan faɗan. Likita ya ce, "Hajiya, me ya faru? Da ke nake misali." Na ce masa ya ƙi cin abincin da nake ware masa ne kawai. Ta ina zan fara?

Allurar tafin ƙafa ta dawo, daga baya ta tafi gaba ɗaya, ya zama ko ƙaya ya taka ba ya ji. Ido ya fara hazo, ya ajiye babur. Wani lokaci in gidan ya yi shiru da rana, yara suna makaranta, yakan ce, "Malama, 'yar'uwar nan tamu fa?" Sai in murza kaɗan, in tace romo, in kai masa ɗaki in saki labule. Ya ci ba ƙara, a hankali, kamar mai satar abin wani. In ya gama in wanke kwanon in cusa shi can cikin kwando tare da sauran.

Shekarun da ya samu bayan nan ba su da yawa. 'Yarmu ba ta gama sakandare ba. Wata safiya ya sunkuya zai ɗaura takalmi ya kife, ɓarin jikinsa ya shanye, kafin la'asar ta washegari Allah ya karɓi abinsa a asibitin Rano.

An yi jana'iza irin wadda ya so. Unguwa ta cika har bakin titi, daga Unguwar Gai manoman da yake zagayawa suka zo a ƙafa. Kwanuka suka riƙa shigowa suna fita, ba wanda ya duba gindin ko ɗaya. Aka ci abincin sadaka aka suɗe. Mata suka zauna jikina, gwiwa da gwiwa, ana miƙo mini ruwa a kofin da kowa ke sha.

Ranar uku yayansa ya shigo yi mini gaisuwa, ya durƙusa daga bakin ƙofa. Mutumin kirki ne, kuma da zuciya ɗaya ya faɗa, don ya sanyaya mini rai. Ya ce, "Ki gode wa Allah, kin fita kunyarsa. Mu da muka ɗauki makara mun shaida. Sai da muka yi ta canjin kafaɗa saboda nauyi. Ya tafi da jikinsa cif, kowa ya gani. Kin riƙe shi da kyau."

Matan da ke ɗakin suka amsa, "Ƙwarai kuwa, ta iya kiwo." Inna tana gefena, ta laluba ta kama hannuna ta matse, ba ta ɗago kai ba.

Na ce, "Na gode, Yaya."